Yaya ake gano duniyar da ba a taɓa gani ba a gefen wani tauraro?

Tambaya daga wani malamin Fiziks a wata makarantar sakandare a Daura: "Assalamu alaikum. Ɗalibaina sun ji a rediyo cewa an gano duniyoyi huɗu suna zagaya wani tauraro da ke kusa da mu, amma an ce babu wanda ya gan su balle ya ɗauki hotonsu. Da suka tambaye ni yadda aka yi aka sani, na ce motsin tauraron ake aunawa, sai na lura bayanin bai gamsar da su ba. Na kuma ji cewa an sha yin irin wannan sanarwa daga baya a janye. Shin ilimi ne tabbatacce ko kintace? Kuma me ya sa aka fi matsa wa taurarin da ke kusa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa yaran nan basira, don tambayar da suka yi ita ce masanan fannin suke yi wa junansu duk lokacin da wani ya fito da sabuwar sanarwa. Abin da ka gaya musu daidai ne, awo ake yi. Sai dai saurin tauraron kaɗai ake aunawa. Ita duniyar fassara ce da ake yi wa awon, kuma kusan duk janyewar da ka ji labari, a wurin fassarar aka yi tuntuɓe. Bari mu bi abin daki-daki.

A aji mun saba cewa rana tana zaune wuri ɗaya, duniyoyi suna zagaya ta. Sauƙaƙawa ce muke yi. Jan da rana take yi wa duniya, ita ma duniyar tana yi wa rana daidai da shi, dokar Newton ta uku ke nan da kake koya musu. Saboda haka su biyun wata cibiya suke zagayawa da ke tsakaninsu, cibiyar kuma ta fi kusa da wanda ya fi nauyi. Ka dubi babban mutum ya riƙe hannayen ƙaramin yaro yana wulwula shi a tsakar gida. Yaron ne yake yin babban zagaye, amma shi ma babban dole ya karkata baya yana ɗan juyawa a wuri ƙanƙane. Wanda ya leƙo ta saman katanga, ko bai hango yaron ba, rangajin babban ya ishe shi sanin akwai abin da yake riƙe da shi, har ma ya iya ƙiyasta nauyinsa.

Ɗauki Jufita, babbar duniyoyin ranarmu. Nauyin rana ya ninka nata sau 1,047. Cibiyar da suke zagayawa tana kimanin kilomita 742,000 daga tsakiyar rana, alhali daga tsakiyar rana zuwa bakinta kilomita 696,000 ne. Wato rana tana zagaya wani wuri da ke waje da jikinta kaɗan, sau ɗaya duk shekara 12 ba kaɗan. Lissafin saurin bai fi ƙarfin ɗan aji biyar ba: nauyin tauraro sau saurinsa daidai yake da nauyin duniya sau saurinta. Jufita tana gudun kilomita 13 a sakan. Raba wannan da 1,047, za ka samu rana tana rangaji da saurin kusan mita 12.5 a sakan. Tamu duniyar tana gudun kilomita 30 a sakan, amma rana ta ninka ta nauyi sau 333,000, saboda haka abin da take iya motsa rana santimita 9 ne kacal a sakan. Ka riƙe waɗannan lambobi biyu, don duk tarihin fannin nan tafiya ce daga ta farko zuwa ta biyu, kuma har yanzu ba a ƙarasa ba.

To yaya ake auna saurin abin da haskensa sai ya yi shekaru a hanya kafin ya iso? Ka tsaya da yaran a bakin titin Kano, tirela ta taho tana danna oda. Tana tunkaro ku ƙarar siririya ce, tana wuce ku sai ta yi kauri, alhali direban bai canza komai ba. Christian Doppler, mutumin Ostiriya, shi ya yi bayanin wannan a 1842. Haske ma haka yake. Idan tauraro yana matsowa, zangon haskensa, wato tsawon igiyar hasken guda, yakan gajarta, ya karkata wajen shuɗi. Idan yana ja da baya, zangon ya tsawaita, ya karkata wajen ja. Lura da wani abu da zai dawo mana nan gaba: matsowa da ja da baya kaɗai wannan hanya take ji. Motsin da tauraro yake yi gefe da gefe ba ruwanta da shi.

Ba launin tauraron ake kallo ba, don canjin ya yi ƙanƙantar da ido ba zai taɓa kama shi ba. Ana shigar da hasken ne cikin na'urar da take tsefe shi, ta baje shi launi-launi irin na bakan gizo. A cikin bakan akwai siraran baƙaƙen layuka dubbai, waɗanda Joseph Fraunhofer ya tsara na rana tun 1814. Kowane sinadari da ke cikin iskar saman tauraro, ƙarfe ne, sodiyam ne, kalsiyam ne, yana shanye haske a wasu zanguna nasa na kansa da ba sa canzawa, kuma an san wurarensu daga gwajin ɗakin bincike. Idan tauraron ya motsa, layukan gaba ɗaya sukan gusa tare. Gusawar nan ake aunawa.

Nan ne wahalar take. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a sakan. Motsin mita ɗaya a sakan yana gusar da layi da kashi ɗaya cikin miliyan 300 na zangonsa. A kan farantin kyamarar na'urar, wannan bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na ɗigo guda daga ɗige-ɗigen da ke haɗa hoto ba. Layi ɗaya ba zai taɓa ba ka wannan ba, sai an haɗa dubbai an fitar da matsakaici. Sannan ita kanta na'urar, ɗan canjin zafi ko na matsin iska a ɗakin yakan gusar da layukan fiye da yadda duniyar za ta yi. An bi hanyoyi biyu wajen maganin wannan. Ta farko, a sa hasken tauraron ya ratsa ta cikin kwalbar tururin aidin kafin ya shiga na'ura, layukan aidin su zama ma'aunin da ba ya motsi a jikin bakan. Paul Butler da Geoff Marcy a Amurka sun kai mita 3 a sakan da wannan dabara. Ta biyu ita ce ta masanan Janeba a ƙasar Suwizalan: a kulle na'urar cikin tanki da aka zuƙe iskarsa, a tsare zafinta kada ya canza ko da kashi ɗaya cikin ɗari na digiri, a riƙa gwada ta da wata fitila mai sanannun layuka. Haka aka gina HARPS, wadda ta fara aiki a 2003 a kan madubin hangen nesa mai faɗin mita 3.6 a La Silla, ƙasar Cile, ta kai kusan mita ɗaya a sakan. Magajiyarta ESPRESSO, a dutsen Paranal a Cile ɗin dai, an ƙera ta da nufin kaiwa santimita 10.

Akwai kuma abin da yara suke jin daɗin ji. Mu masu awon ba a tsaye muke ba. Duniyarmu tana ɗauke da mu da gudun kilomita 30 a sakan, wata shida muna tunkarar tauraro, wata shida muna guje masa. Juyawarta a kan kanta ma, a nan Daura ko Katsina da muke kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, tana tafiya da mu gabas da kusan mita 450 a sakan. Dole a lissafa duk wannan a cire shi tsaf, har zuwa santimita, kafin a ga abin da ya rage na tauraron.

Idan an yi awo dare bayan dare, aka jera sakamakon bisa lokaci, tauraro mai duniya yakan nuna hawa da sauka da ke maimaita kansa. Tsawon lokacin maimaituwar shi ne shekarar duniyar. Daga shi, tare da nauyin tauraron, dokar Kepler ta uku takan ba da nisanta da tauraron. Girman hawan da saukar yakan ba da nauyinta, siffarsa kuma ta nuna ko falakinta, wato hanyar zagayenta, da'ira ne ko mai tsawo kamar ƙwai. Amma ga inda maganar matsowa da ja da baya ta dawo. Idan muna kallon falakin ta gefensa, duk rangajin muke ji. Idan a karkace yake, wani kaso kawai muke ji. Idan kuwa ta samansa muke kallo, ba ma jin komai ko da Jufita goma ce. Tunda yawanci ba a san karkatar ba, nauyin da ake samu mafi ƙaranci ne, na gaskiyar yana iya fin haka. Shi ya sa rahoto na ƙwarai zai ce "aƙalla". Idan ka ji an ce an gano duniya mai nauyi daidai da tamu ta wannan hanya, to mai ba da labarin ne ya jefar da kalmar. Girman jikinta kuwa, ko dutse ce ko iska, wannan awo ba ya faɗa, sai in an yi sa'a tana giftawa ta gaban tauraronta tana rage haskensa. A nan ne ake haɗa awo biyun a san nauyi da girma tare, kamar yadda aka fara yi da HD 209458 b a 1999.

Tunanin ya daɗe. Otto Struve ya rubuta a 1952 cewa idan akwai babbar duniya dab da tauraronta, za a iya kama ta ta wannan hanya. Bruce Campbell da Gordon Walker a Kanada sun yi shekaru suna awo, a 1988 suka ga alama a tauraron Gamma Cephei, daga baya shakka ta sa aka ja da baya. A 2003 aka tabbatar duniyar tana nan. Ina kawo wannan ne don ka ga kuskuren yana iya zuwa ta kowane ɓangare, akwai wanda ya yi gaggawa, akwai kuma wanda taka-tsantsan ya hana shi abin da ya riga ya gani. Wadda ta buɗe ƙofar ita ce ta Michel Mayor da Didier Queloz na Jami'ar Janeba, a watan Oktoban 1995, da na'urar ELODIE a kudancin Faransa. Tauraron 51 Pegasi, mai kama da rana, nisan shekarun haske kusan 50 (wato haskensa yakan yi kusan shekara 50 kafin ya iso mu), yana rangaji da sama da mita 50 a sakan duk kwana 4.2. Duniya ce mai aƙalla rabin nauyin Jufita, amma nisanta da tauraronta kashi ɗaya cikin ashirin ne na nisanmu da rana. Duk da hasashen Struve, kusan babu wanda ya tsammaci irin wannan. Butler da Marcy suka duba da tasu na'urar cikin 'yan kwanaki suka ga abu ɗaya. A 1997 wani masani ya ce bugun jikin tauraron ne ba duniya ba, aka ƙara awo, a shekarar da ta biyo ya janye. Mayor da Queloz sun samu kyautar Nobel a 2019. Zuwa 2025 duniyoyin da aka tabbatar a wajen iyalin ranarmu sun haura 6,000, sama da dubu ɗaya daga ciki ta wannan hanya aka fara gano su.

Yanzu ga tambayarka ta dalilin matsa wa taurarin da ke kusa. Gusawar layuka ba ta raguwa da nisa, tauraro mai gudun mita goma, mita goma zai nuna ko ina yake. Haske ne yake raguwa. Ka ninka nisa biyu, haske ya koma rubu'i, kuma idan kana son rage kuskuren awonka da rabi, sai ka tara haske ninki huɗu. Saboda haka talaucin haske ne yake tsare mu a unguwa. Dalili na biyu shi ne na gobe: duniyar da ke kusa ce kaɗai ake sa ran manyan madubai masu zuwa za su iya raba haskenta da na tauraronta su ɗauki hotonta, su leƙa iskarta. Awon rangaji shi zai gaya musu inda za su duba da lokacin da za su duba.

Amma kusanci kaɗai bai isa ba. Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi, ya fi kowane tauraro haske da dare, nisansa shekarun haske 8.6 ne kawai, sai dai zafinsa ya sa layukansa ba su da yawa. Taurari masu saurin juyawa kuma layukansu sukan baje su rasa kaifi. Waɗanda aka fi so su ne masu kama da rana da suka kwana biyu suka natsu, sai kuma ƙananan jajayen taurari. Waɗannan jajayen su ne kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin babban gungun da ranarmu take ciki, su ne mafi yawan maƙwabtanmu, amma ko ɗaya ba a iya gani da ido. Ribarsu biyu ce. Ba su da nauyi, don haka ƙaramar duniya ma tana iya girgiza su sosai. Kuma da yake haskensu kaɗan ne, wurin da ruwa zai iya zama ruwa, bai daskare ba bai ƙafe ba, yana dab da su, inda shekara kwanaki ce. A wata uku sai ka ga zagaye takwas, maimakon ka jira shekara takwas.

Proxima Centauri, tauraron da ya fi kowane kusa da rana, shekarun haske 4.2, irin waɗannan ne. A watan Agustan 2016 ayarin Guillem Anglada-Escudé suka sanar da duniya mai zagaya shi duk kwana 11.2, rangajin kusan mita 1.4 a sakan, nauyinta aƙalla ya ɗan ɗara na tamu. ESPRESSO ta sake aunawa ta same ta, a 2022 kuma ta ƙaro wata ƙarama mai zagayen kwana 5, da rangajin santimita 39 kacal. Haka aka samu ta Ross 128 a 2017, da biyu a tauraron Teegarden a 2019 da na'urar CARMENES ta Sifaniya. Kasancewar duniya a wurin da ruwa zai iya zama ba ya nufin akwai ruwan, balle rai. Proxima tauraro ne mai yawan aman wuta, kuma awon rangaji ba ya cewa komai game da iskar duniyarsa.

Mu zo kan janyewa, wadda ita ce zuciyar tambayarka. Matsalar ita ce tauraro ba dunƙulen ƙarfe ba ne mai tafiya a jiki ɗaya. Tafasasshiyar iska ce, kuma layukan da muke aunawa daga samanta suke fitowa. Samanta kuwa ba ya zama lafiya. Rana tana bugawa ciki da waje duk minti biyar. Wannan mai sauƙi ne, a tsawaita ɗaukar haske ya shafe shi. Fuskarta cike take da ƙullutai na iska mai zafi da ke tasowa, kowane faɗinsa kusan kilomita dubu, ya yi 'yan mintuna ya watse, iskar ta huce ta nutse. Mai tasowar ta fi haske, don haka jimillar hasken tana nuna kamar ana matsowa. Duk inda ƙarfin maganaɗisu ya taru ya danne wannan tafasa, sai awon ya canza alhali tauraron bai gusa ko taku ɗaya ba.

Mafi sharri su ne baƙaƙen tabo. Tauraro yana juyawa, gefe ɗaya yana tunkaro mu, ɗaya yana guje mana, su biyun suna soke juna. Idan tabo ya fito a gefen da ke tunkarowa, ya rage haskensa, gefen da ke gudu ya rinjaya, na'ura ta ce tauraron yana ja da baya. Bayan kwanaki juyawa ta kai tabon ɗaya gefen, na'ura ta ce yana matsowa. Hawa da sauka ke nan mai maimaita kansa, kamar dai duniya. Ga shi kuma yawan tabon kansa yana ƙaruwa yana raguwa, a rana duk shekara 11. Waɗannan abubuwa suna iya kai mita da dama a sakan ko a tauraro mai natsuwa irin rana, mu kuma santimita 9 muke nema a ƙarƙashinsu. Ƙara da cewa ba kullum ake awo ba. Gari yakan waye, hadari yakan rufe, wata yakan haska, tauraro yakan ɓace na watanni a bayan rana, madubin kuma layi ake bi. Waɗannan giɓin suna da nasu tsari na maimaituwa, kuma lissafi yana iya ɗinke su ya fito da zagayen da babu shi.

Ga misalai uku. A 2012 aka sanar da duniya mai aƙalla nauyin tamu a Alpha Centauri B, zagayen kwana 3.2, rangajin santimita 51. Labarin ya bazu ko'ina. A 2015 wasu masana a Ingila suka nuna cewa tsarin ranakun da aka yi awon ne ya haifar da alamar, shi kansa jagoran binciken farko ya amince cewa da alama babu ita. Gliese 581 kuwa an yi ta yayata duniyoyinsa biyu a matsayin masu iya ɗaukar rai. A 2014 Paul Robertson da abokan aikinsa suka nuna tauraron yana juyawa sau ɗaya duk kwana 130, ɗaya daga cikin "duniyoyin" kuma zagayenta kwana 66 ne, kusan rabin wancan, tana kuma tashi da faɗuwa tare da alamun maganaɗisun tauraron. Da aka cire wannan, ɗayar ma ta bi ta.

Na uku shi ne wanda ɗalibanka suka ji, tauraron Barnard, nisan shekarun haske 6. Wannan tauraro ya sha yaudarar mutane. A shekarun 1960 Peter van de Kamp ya ce ya ga yana lanƙwasa a hotuna saboda manyan duniyoyi, aka gano gyare-gyaren da aka yi wa madubinsa ne. A 2018 aka sanar da wata mai zagayen kwana 233, a 2021 aka nuna inuwar juyawar tauraron ce. Sai a watan Oktoban 2024 ESPRESSO ta fito da ƙarama mai zagayen kwana 3.15, da alamun wasu uku. A watan Maris na 2025 wani ayari dabam, da na'urar MAROON-X a Hawai, suka haɗa nasu awon da na farko, huɗun suka tsaya. Dukkansu suna gama zagaye cikin ƙasa da mako guda, mafi ƙarancin nauyinsu tsakanin kashi ɗaya cikin biyar da kashi ɗaya cikin uku na duniyarmu, kuma sun yi kusa da tauraron da yawa, zafi ba zai bar ruwa ba.

Me ya sa na yarda da waɗannan huɗun alhali an ƙone hannu sau biyu a tauraro ɗaya? Na farko na'urori biyu ne, a nahiyoyi daban, a hannun mutanen da kowanne zai so ya kama ɗan'uwansa da kuskure. Sannan tauraron Barnard yana ɗaukar kusan kwana 140 kafin ya juya sau ɗaya, zagayen kwana biyu zuwa bakwai kuwa ya yi nisa da wannan, tabo ba zai iya kwaikwayonsa ba. Waɗannan su ne tambayoyin da nake yi wa kowace sanarwa. Nakan kuma duba ko alamar ta riƙe lokacinta shekara da shekaru, don tabo yakan mutu wani ya fito a wani wuri, duniya kuwa ba ta saɓa alƙawari. Akwai gwaji ɗaya da nake ganin ya fi kowane kyau: duniya tana jan tauraron gaba ɗayansa, saboda haka saurin da za ka samu a jan haske shi za ka samu a shuɗi. Tabo kuwa ya fi duhu a shuɗin haske, tasirinsa yakan ragu a ja. In girman alamar ya canza da launi, to tauraron ne yake wasa da mu. Manyan duniyoyi masu rangajin mita hamsin ko ɗari, babu mai jayayya a kansu yau. Gardamar tana ƙasa da mita ɗaya ne, kuma a ganina duk sanarwar da ta faɗo nan daga na'ura guda, a ajiye ta a matsayin zato mai ƙarfi har sai wani ya maimaita.

Abin da ba a kai gare shi ba tukuna shi ne tagwayen duniyarmu, mai nauyinta, mai shekara guda, a gefen tauraro irin rana. Na'urorin sun kusa, taurarin ne suka ƙi yin shiru. Shi ya sa tun 2015 na'urar HARPS ta arewa, a tsibirin La Palma, take auna ranarmu da rana tsaka kamar wani tauraro na nesa. Mun san duniyoyinta, mun san inda kowane tabo yake, saboda haka a jikinta ake koyon yadda za a raba hayaniyar tauraro da jan duniya.

Ga abin da za ka kai aji. Nijeriya tana da tata duniyar da aka gano ta wannan hanya. A 2019 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta ba ƙasashe damar raɗa suna, tauraron HD 43197 ya zama Amadioha, duniyarsa kuma Equiano, sunan Olaudah Equiano, marubucin ƙarni na 18 da ya yi yaƙi da cinikin bayi. HARPS ce ta gano ta, tana sashen sama ɗaya da Shi'ira, sai dai ido ba ya ganin tauraron. Alpha Centauri kuwa ana ganinsa daga nan, daga Afrilu zuwa Yuni, can ƙasa-ƙasa a kudu, ba ya wuce digiri 16 sama da doron ƙasa, don haka a nemi fili a bayan gari inda bishiya da fitilu ba su tare ba. Shi 51 Pegasi yakan bi kusan ta saman kai bayan isha'i a Oktoba da Nuwamba, amma dishi-dishi ne, sai daren da babu wata, kuma a yi kafin hazo ya sauko.

Lissafin Proxima kuma su yi shi da hannunsu. Nisan duniyar da tauraron kusan kilomita miliyan 7.3 ne. Su fitar da kewayen da'irar, su raba da kwana 11.2 a sakan, za su samu tana gudun kusan kilomita 47 a sakan. Nauyin Proxima kashi 12 cikin ɗari ne na rana, wato kusan duniyarmu 40,000. Su ninka 40,000 da 1.4, su raba da 47,000 (kilomita 47 ɗin a mita), amsa ta fito kusan 1.2, wato aƙalla ninki 1.2 na nauyin duniyarmu. Wanda ya wuce jami'a daga cikinsu, ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina ko ta Dutsin-Ma, yana iya ɗauko ainihin awon daga intanet kyauta, don hukumar Turai mai kula da madubin Cile takan saki bayananta ga kowa bayan shekara ɗaya da ɗaukarsu. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta isa a fitar da zagayen kwana 11.2 daga cikinsu.